Mi Yag Gama Ɗiyanmu da Ɗan Fim na Ayilan?

Ranar Alhamis ɗin ƙarshen zangon karatu aka yi gasar kacici-kacici tsakanin makarantun sakandare huɗu a nan Birnin Kebbi, ni kuma aka ɗora mini riƙon agogo da ƙararrawa. Aikin ba wuya: daƙiƙa goma sha biyar ta cika, ka kaɗa, a wuce ga na gaba. Babu wuta a zauren, fankoki sun yi tsaye, iyaye na ta fifita da takardar jadawalin taro. Mai tambaya wani matashin malami ne ɗan kwalisa, riƙe da takardu huɗu da ya ciro daga intanet. An yi man fetur, an yi ƙwallo, an yi launuka, an taɓa kiɗa. Can wajen tambaya ta talatin ya gyara murya ya ce a faɗi sunan ɗan wasan fim ɗan ƙasar Ayilan da ya fito a matsayin James Bond.

Yaran suka kalli juna. Ni ma agogo na ƙura wa ido don kada a ga fuskata. Kafin in kaɗa ƙararrawa sai wani dattijo daga cikin iyaye ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Malam, don Allah mi yag gama ɗiyanmu da wanga mutum? Duk Kabi ba a samu abin tambaya ba sai wannan?" Zaure ya ɗauki tafi. Ba zan ɓoye ba, ni ma na tafa, da ƙararrawar a hammata.

Tun ranar nake juya maganar, kuma yanzu ina ganin na yi saurin tafi. Alhaji ya gano cewa akwai ciwo, amma maganin da ya kawo daga baya, wato a soke duk wata tambaya da ta tsallake iyakar ƙasa, ba shi ne maganin ba.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. A takardun nan huɗu babu tambaya ko ɗaya a kan Kabi. Ba a tambayi Kanta da ya kafa daular Kabi ba, ba a tambayi birninsa Surame ba. Ba a ce wace shekara aka ƙirƙiro jihar ba, alhali 1991 ɗin nan yawancin iyayen da ke zauren sun ga zuwanta da idonsu. Ba a tambayi abin da ya sa ake danganta bikin kamun kifi na Argungu da 1934 ba, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A ɓangaren kiɗa an ambaci Bob Marley, ba a ambaci Narambaɗa ko Ɗankwairo ko Sani Aliyu Ɗandawo ba. Bayan gasar na gwada 'yan ajina, na ce wa zai bambance mini kotso da kalangu. Shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Yaran da za su jero maka 'yan wasan Real Madrid har da masu zaman benci. Wannan abin kunya ne, kuma kunyar tamu ce malamai da iyaye, ba ta yaran ba.

Sai dai ku duba tambayar farko ta ranar, wadda babu wanda ya yi ƙorafi a kanta saboda ta gida ce. A wace shekara aka gano man fetur a Nijeriya, kuma a ina? Wani yaro ya zabura tun kafin a rufe baki: 1956, Oloibiri. Maki biyu, tafi, a wuce. Kowane yaro ya haddace wannan daga ƙananan littattafan nan da ake tallansu a tasha. To me ya sani? Ya san sauti biyu ne kawai. Bai san cewa Oloibiri a jihar Bayelsa take a yau ba, bai san sai 1958 aka fara fitar da man zuwa waje ba. Kullum yana jin ana cewa ganga a rediyo, bai san gangar ɗanyen mai lita 159 ba ce, wato ba ta ma kai duron da ake tara ruwa a gidansu ba. Bai san cewa daga ɗanyen man nan ake samun kananzir da gas ɗin manyan motoci da kwaltar da aka shimfiɗa daga nan zuwa Jega ba. Tambayar gida ce, amma an bar ta fanko kamar yadda aka bar ta Ayilan.

Kuma man fetur ɗin shi ne babban shaidata cewa raba sani gida biyu, na kusa da na nesa, ba zai yiwu ba. Ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da man fetur a Bagadaza aka kafa ta a 1960, ƙasashe biyar ne suka fara: Iran, Iraƙi, Kuwait, Saudiyya da Benezuwela. Nijeriya ta shiga a 1971. Hedikwatarta tana Viyana, kuma 'yan Arewa biyu sun riƙe kujerar babban sakatarenta, Rilwanu Lukman ɗan Zariya da Muhammad Sanusi Barkindo ɗan Yola, wanda ya rasu a 2022. Idan ma'aunin Alhaji muka ɗauka, Viyana da Benezuwela ba ruwanmu da su. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kuɗin lita a gidan mai yana bin kuɗin ganga a kasuwar duniya ne da kuma darajar dala. Manomin shinkafar rani a fadamar Argungu ko Suru, wanda injin ban-ruwansa ba ya tashi sai ya sha fetur, ya ji wannan a aljihunsa kafin kowane farfesa ya yi sharhi. Wasu sun rage kadada, wasu sun ci bashi sun koma sola. Ɗansa da ke zaune a zauren nan ya fi kowa cancantar a bayyana masa yadda taron da aka yi a wani birni mai sanyi ke shafar buhun da za a auna a gonarsu. Ina nesa a nan?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zagayen launuka. Aka ce launuka nawa ne a bakan gizo, a jero su. Wata yarinya 'yar aji biyar ta jero bakwai da Turanci ba gargada, aka yi mata tafi. Bayan an tashi na tsayar da ita a bakin ƙofa na ce, "'Yata, maimaita mini su da Hausa." Ta ce ja, ta ce rawaya, kore, shuɗi, sai ta tsaya tana wasa da bakin hijabinta. Na ce na shida fa, wanda kika kira indigo? Ta ce, "Malam, ai wannan ba shi da Hausa."

Ba shi da Hausa! Baba fa ke nan. Shi ne marina suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsoma zane a cikinsa a karofi, shi ne ke barin shuni a wuyan mai rawanin ɗan Kura. Launin da kakanninta suka ɗora wa raƙuma suka kai har bayan hamada, ita ta haddace shi a matsayin baƙuwar kalma da babu irinta a gidansu. Mu da muke da ruwan goro da ruwan ɗorawa da ruwan makuba da ruwan toka da ruwan ƙasa, muke da algashi da tsanwa, muka mai da kowane launi wani abu da ido ya saba gani a tsakar gida, yau 'yarmu tana tsammanin harshenta ya ƙare a launi huɗu. Kuma ita kanta bakwai ɗin da aka ba ta maki a kai, bakan gizo ba shi da layukan da suka raba shi gida bakwai, launukan narkewa suke yi cikin juna. Masanin kimiyya Isaac Newton ne ya ƙidaya su haka. Da farko biyar ya lissafa, daga baya ya ƙara ruwan lemo da na baba don adadin ya yi daidai da muryoyi bakwai na ma'aunin kiɗan Turai. Da mai tambaya ya ɗauki minti guda ya faɗi wannan, da yarinyar ta koma gida da kimiyya da kiɗa da tarihin rini a tambaya ɗaya. Abin da ta koma da shi maki biyu ne da ƙaramin kofi na roba.

Na wasanni ma haka. An tambayi shekarar da aka fara amfani da jan kati da rawaya a gasar cin kofin duniya, aka ce 1970 a Meziko, shi ke nan. Ba a faɗi cewa ruɗanin harshe ne ya haifar da su ba: a 1966 alƙalin wasa Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina a wasansu da Ingila, aka daɗe ana jayayya a fili ba mai fahimtar wani, sai wani jami'in alƙalanci mai suna Ken Aston ya ari dabarar fitilar kan titi, rawaya a yi hattara, ja a tsaya. Yaron da ya ji wannan ba zai sake mantawa ba ko ba a ba shi maki ba.

To mu koma kan ɗan fim ɗin da ya tada ƙura. Amsar ita ce Pierce Brosnan, ya yi fina-finan Bond huɗu tsakanin 1995 da 2002. A haka kawai, na yarda da Alhaji ɗari bisa ɗari, sunan ba ya ƙara wa yaro komai. Amma a bayan sunan akwai ƙasa, kuma ƙasar ta fi kusa da mu fiye da yadda kowa a zauren ya zata.

Ku je kasuwa ku ce a auna muku dankalin Turawa, mai kayan miya zai ce, "Arish kake so?" Sunan mutanen Ayilan ne yake kira bai sani ba. Asalin dankalin daga tsaunukan Kudancin Amurka yake, amma talakawan Ayilan suka dogara da shi har ya zama shi ne tuwonsu shi ne furarsu. Da cuta ta faɗa wa amfanin a 1845, aka shiga yunwar da ta kai har 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗin ya bar ƙasar a jiragen ruwa, alhali ana ci gaba da fitar da abinci daga tsibirin zuwa Ingila. Wannan ba darasi ba ne ga jihar da ta zuba ƙarfinta a kan shinkafa, kuma ambaliya ke yi mata ɓarna kusan duk damina mai ƙarfi?

Ayilan tsibiri ne yamma da Ingila, kuma Ingilishi sun mulke su ɗaruruwan shekaru kafin su san hanyar Lokoja. Sai a 1922 yawancin tsibirin ya sami cin gashin kai, arewacinsa ya zauna ƙarƙashin Birtaniya har yau. Shi ya sa ma tambaya irin wannan take da tarko: Liam Neeson, wanda samarinmu suka sani da faɗa a fim, a Ballymena aka haife shi, can arewacin da bai balle ba. Tutar Ayilan kore ce da fari da ruwan lemo. Kore na ɓangaren Katolika masu rinjaye, ruwan lemo na Furotesta, farin da ke tsakiya kuwa fatan zaman lafiya ne tsakanin mutanen da suka daɗe suna zub da jinin juna da sunan addini da siyasa. Yaron Kamba da ke ganin tutar Nijar kullum ya san launukan nan uku, sai dai a can a kwance suke da ɗigon rana a tsakiya. Ka juya ta Ayilan kuma ka sami ta Kodebuwa. Kuma ina ganin ɗan Nijeriya ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar farin da aka sa tsakanin launi biyu.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan taɓa ni. Me ya sa duk 'yan wasan nan da Turancin Ingilishi suka yi suna? Saboda harshensu na gado ya ja baya. Tsarin mulkin ƙasarsu ya sa shi a matsayin harshen hukuma na farko, ana koyar da shi a makarantu, ana rubuta shi a allunan kan hanya, amma a kasuwa da gida yawancin mutane Turanci suke yi. Ɓurɓushinsa na nan a sunayensu. Cillian Murphy ɗan Cork, wanda ya ci kyautar Oska ta gwarzon ɗan wasa a 2024, kuma samarinmu ke ta yawo da hotonsa da hula a WhatsApp suna rubuta kalaman isa a ƙasa, Kiliyan ake kiran sunansa, ba Siliyan ba, don haka ƙa'idar harshensu take. Yanzu ku waiwayo gida. A jihar nan akwai Dakarkari da Kambari da Dukkawa da Gungawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulani. Ina da ɗalibai 'yan ƙasar Zuru da Yawuri da suke jin harshen iyayensu amma ba sa iya mayarwa, Hausa ta shanye musu baki. Ba da bindiga muka yi ba, kasuwa ce da auratayya da zaman birni, amma sakamakon ɗaya yake neman zama. Ni Bahaushe ne, ina alfahari da yaɗuwar harshena, sai dai labarin Ayilan ne ya fara sa ni tunanin yadda abin yake ga wanda ake shanyewa. Da an soke tambayar, da an soke wannan tunanin tare da ita.

Na san abin da ke can ƙasan ran Alhaji, ba nisa ba ne, tarbiyya ce. Yana tsoron a ɗaure wa yara gindin kallon abin da bai dace ba. Tsoro ne na uba, ba na raina shi. Amma yaran nan wayar da ke hannunsu ta riga mu kai musu fuskokin, abin da ba ta kai musu ba shi ne yunwar 1845 da ma'anar farin tuta. Idan muka yi shiru, fuskar kaɗai za ta rage musu.

Kuma ƙyamar sanin nesa ba gadonmu ba ce. Lokacin da Baturen Birtaniya mai yawon bincike Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai ce me ya gama ni da Turai ba. Tambayoyi ya yi ta jero masa a kan ɗariƙun Kirista da kuma yadda Ingilishi suka mamaye Indiya, har baƙon ya rasa amsar wasu. Da ya dawo karo na biyu ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, ya kuma tarar da shi zaune yana nazarinsa. Mutumin da ya rubuta tarihin ƙasarsa da hannunsa ke nan, bai ga cewa sanin Indiya zai rage masa sanin Gobir ba. Mu ne jikokin masu cewa matambayi ba ya ɓata.

Ko kacici-kacicin da muka tashi da shi a dandali ya fi na zauren nan adalci. Kaka ta ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ka yi ta lalube, in ka gaza ka ce na ba ki gari. Ta karɓi Jega ko Yawuri, ta yi ta yabon garin tana cin daɗinsa a baki, sannan ta ce tsintsiya, ka kalli tsintsiyar da ke jingine a bango ka ga lalle haka ne. Wanda ya faɗi ma ya tashi da riba. A gasarmu ta makaranta wanda ya faɗi ƙararrawata kawai yake samu.

Matashin malamin nan ban ga laifinsa sosai ba. Daren Laraba aka ce masa gobe kai ne mai tambaya, ba littafi, ba ko kuɗin data. Ya shiga intanet ya kwaso abin da wani ya tsara wa wasu mutane a wata ƙasa, ya buga. Shi kansa da wani yaro ya ce masa ina Ayilan take, da an ji kunya. Laifin na tsarin da ya ɗauki gasar a matsayin abin cike jadawalin ranar rabon sakamako ne, tsakanin jawabin shugaban makaranta da rabon lemo. Tambaya arba'in a awa ɗaya, kowace a jefa a cafe kamar ana rabon goro.

Abin da nake nema ba ya cin ko sisi. A rage yawan tambayoyin. A ba mai tsarawa mako biyu. Kada ya sa tambayar da shi kansa ba zai iya yin bayanin minti guda a kanta ba bayan an amsa, ko an ci ko an faɗi. A fara daga Matan Fada, inda ake kamun kifin Argungu, a bi ta Atlanta, inda muka doke Barazil da Ajantina muka ɗauko zinare a 1996, a je har Dublin, babban birnin Ayilan, in ana so, muddin mai jan ragamar ya san hanyar dawowa.

Da na kai wannan shawara ofis, sai aka yi mini abin da ake yi wa duk mai yawan magana a taron malamai: aka ce to zango mai zuwa kai za ka tsara. Na karɓa. Tambaya goma sha biyar na rubuta, ta Ayilan tana nan a lamba tara, sai dai ta dankali ce da tuta, ɗan fim ɗin a bayani zai shigo. Ranar Juma'a bayan an sauko na tari Alhaji a ƙofar masallaci, na rusuna na gaishe shi, na karanta masa su duka a tsaye. Ya saurara yana jan carbi. Da na zo kan arish ya yi dariya har hularsa ta goce, amma bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, cewa ya yi zai zo ya zauna a layin gaba ya gani. Sannan ya ce in ƙara tasa guda ɗaya: a faɗi kayan aiki biyu da masunci ke shiga ruwa da su ranar bikin Argungu, da sunan kifin da ake cin gasa da shi.

Na ce, "Baba, homa da gora, sai giwan ruwa."

Ya ce, "Kai ka sani, Malam. In ɗiyan ba su sani ba, kak ka kaɗa ƙararrawag ga taka. Ni ka ba su amsa."